Louise Schroeder, Matar da Ta Riƙe wa Berlin Ƙwarya

Da yammacin Laraba, 23 ga watan Yunin 1948, 'yan majalisar birnin Berlin suka iso zauren taronsu suka tarar an riga su shiga. Tun da rana ake ta sauke magoya bayan jam'iyyar 'yan kwaminis ta SED daga manyan motoci a ƙofar ginin, wanda yake cikin yankin da sojojin Tarayyar Sobiyet ke iko da shi. Sun cika farfajiya, sun tsaya a kan matattakala, sun mamaye kujerun 'yan kallo suna ta ihu. 'Yan sanda na nan tsaye, amma babu wanda ya ce musu kanzil. Sai da aka ɓata kusan awa biyu kafin shugaban majalisar, Otto Suhr, ya samu ya buɗe zama.

Maganar kuɗi ce ta tara su. Kwana uku kafin nan, Amurka da Birtaniya da Faransa sun fito da sabon kuɗi, Deutsche Mark, a yankunan da suke riƙe da su a yammacin Jamus, domin tsohon Reichsmark ya lalace har ta kai da karan taba ake cinikin burodi a kasuwar bayan fage. Sobiyet ta mayar da martani da nata kuɗin. Saboda gaggawa ma ba ta tsaya buga sabo ba, tsofaffin takardun aka ɗauko aka liƙa musu 'yan ƙananan tambura, shi ya sa mutanen gari suka yi masa laƙabi da kuɗin liƙe bango. Marshal Sokolovsky na Sobiyet ya aiko wa hukumar birni umarni a rubuce cewa wannan kuɗin nasa ne kaɗai zai yi aiki a faɗin Berlin. Kafin a ce me, kwamandojin ƙasashen yamma uku da ke Berlin suka aiko da nasu, cewa umarnin Sokolovsky ba shi da hurumi a unguwanninsu. Takardu biyu masu karo da juna a kan tebur ɗaya, kuma kowacce da tankokin yaƙi a bayanta.

Wadda ta miƙe ta faɗi matsayin hukumar birni a cikin wannan hayaniya dattijuwa ce 'yar shekara 61, siririya, marar ƙoshin lafiya. Sunanta Louise Schroeder. Ta shaida wa majalisa cewa hukumar birni ba ta da ikon zartar da umarnin kwamanda ɗaya a yankin wani kwamandan, don haka umarnin Sobiyet zai yi aiki a yankin Sobiyet, na 'yan yamma kuma a nasu yankunan. Majalisa ta amince da rinjaye. Da aka tashi, 'yan zanga-zangar suka far wa wakilai a bakin ƙofa, suka yi wa Jeanette Wolff duka, Bayahudiyar da ta tsira da ranta daga sansanonin 'yan Nazi shekara uku kacal da suka wuce. Kafin gari ya waye Sobiyet ta sa an yanke wutar lantarkin da ke shiga yammacin birnin, an tsayar da jiragen ƙasa, daga bisani aka toshe hanyoyin mota da na ruwa. Mutum fiye da miliyan biyu suka wayi gari a killace.

Kujerar da Louise Schroeder ke zaune a kai a wannan rana ba tata ba ce, kuma ta fi kowa sanin haka. Magajiyar gari ce ta riƙon ƙwarya. Hausa ta iya zaɓen kalma a nan: wanda aka ba riƙon ƙwarya ya san nonon da ke ciki na wani ne, idan ya zube shi za a tuhuma, idan ya kai shi lafiya mai shi za a yi wa barka. Ta riƙe daga 8 ga Mayun 1947 zuwa 7 ga Disamban 1948, wata goma sha tara cif, kuma su ne watannin da birnin ya tsage gida biyu.

An haife ta ranar 2 ga Afrilun 1887 a Altona, garin da a lokacin yake maƙwabtaka da Hamburg kafin daga baya a haɗe su. Mahaifinta leburan gini ne, ɗan gani-kashe-nin jam'iyyar ma'aikata ta SPD, mahaifiyarta kuwa kayan lambu take sayarwa. Gidan da ake lissafin kowane kwabo ne. Ba ta yi jami'a ba. Ta ɗan yi karatun sana'a, ta kama aikin sakatariya a wani kamfanin inshora, inda ta daɗe tana buga wasiƙun wasu. A 1910 ta yanki katin SPD, shekara biyu bayan da doka ta fara yarda mata su shiga jam'iyyun siyasa a duk faɗin Jamus. Ƙuri'a kuwa ba su da ita tukuna.

Faɗuwar sarautar Kaiser, sarkin Jamus, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ce ta buɗe ƙofa. A zaɓen Janairun 1919 mata suka jefa ƙuri'a karo na farko, aka zaɓi 37 daga cikinsu zuwa majalisar da ta rubuta sabon tsarin mulkin Jamus a Weimar. Louise na ciki, tana da shekara 31, tana wakiltar Schleswig-Holstein. Daga nan ta zarce majalisar dokoki ta Reichstag, ta zauna har 1933. Abin da ta sa a gaba shi ne irin abin da manyan 'yan siyasa ke ganin bai kai a ɓata masa yawu ba: hutun haihuwa ga mace mai aikin masana'anta, kuɗin da za ta ci kafin ta koma aiki, kula da marayu da yaran da iyayensu maza suka gudu suka bari. A Disamban 1919 ta mara wa Marie Juchacz baya suka kafa ƙungiyar jin daɗin ma'aikata ta AWO, wadda har gobe take gudanar da gidajen renon yara da na tsofaffi a Jamus. Ta kuma koyar a makarantar ƙungiyar da ke Berlin, inda ake horar da masu aikin taimakon jama'a.

Ranar 23 ga Maris 1933 aka gwada ta. Hitler ya kawo dokar da za ta ba shi ikon yin mulki ba tare da majalisa ba. An riga an kama wakilan kwaminis ko sun ɓuya, wasu 'yan SPD ma suna tsare. Zauren da za a yi zaman kewaye yake da 'yan bangar Nazi cikin kaki. A taron sirri na 'yan SPD wasu suka kawo shawarar a ƙaurace wa zaman kawai, tunda dai an san yadda za ta kaya. Waɗanda suka halarta sun ba da labarin cewa Louise ce ta tashi a fusace ta ce ita kam za ta shiga ta ce a'a ko da za a yayyaga ta, kuma kada wanda ya noƙe. Aka shiga. Mutum 444 suka amince da dokar, 94 suka ƙi, dukkansu 'yan SPD, har da ita.

Ta biya kuɗin wannan ƙuri'a. An raba ta da kujerarta da aikin koyarwarta, 'yan sanda suka sa mata ido. Tsohuwar 'yar majalisar ƙasa ta koma Hamburg ta buɗe ɗan shagon burodi. Ko a nan ba ta tsira ba, domin ta ƙi yin gaisuwar ɗaga hannu ta Hitler ga masu shigowa, aka yi ta zuga mutane su daina saye a wurinta har cinikin ya mutu. A 1938 abokai suka samo mata aikin ofis a wani kamfanin gine-gine a Berlin. Bama-baman yaƙi sun rushe mata masauki ba sau ɗaya ba, ƙarshen yaƙin kuma ya riske ta a Denmark inda aikin kamfanin ya kai ta. Shekara goma sha biyu ke nan babu wanda ya ji muryarta a bainar jama'a.

Berlin ɗin da ta dawo ta tarar kufai ce. Birnin da ke da mutum miliyan 4.3 kafin yaƙi ya koma ƙasa da miliyan uku a 1945. An ƙiyasta ɓaraguzan gine-gine sun kai kubik mita miliyan 75, kuma mata ne ke tsaye a layi suna miƙa wa juna bokiti, suna kankare tsohon siminti daga jikin bulo ɗaya bayan ɗaya don a sake gini da shi. Maza sun mutu a fagen daga ko suna tsare a sansanonin fursunonin yaƙi, har ta kai kusan mata uku ne ga kowane maza biyu. Abinci da kati ake rabawa, aji biyar, kuma katin aji na biyar, wanda ake ba matan gida da tsofaffi, mutane sun sa masa suna katin maƙabarta. Sanyin hunturun 1946 zuwa 1947 ya zo da tsananin da aka daɗe ba a gani ba. Famfuna suka daskare, aka sare itatuwan babban lambun Tiergarten aka yi makamashi da su, ɗaruruwan mutane suka mutu a kan gadajensu saboda sanyi. Garin gwauraye mata da marayu ne, kuma duk cikin 'yan siyasar da suka rage da wuya a sami wanda ya san matsalar irin waɗannan mutane kamar matar da ta yi shekara goma sha huɗu a majalisa tana magana a kansu.

Siyasar birnin ma ba ta zauna lafiya ba. A 1946 Sobiyet ta matsa sai SPD ta narke cikin jam'iyyar kwaminis a haifi SED. 'Yan SPD na yankunan yamma suka yi ƙuri'ar cikin gida ranar 31 ga Maris, kashi 82 cikin ɗari suka ƙi haɗewar nan take, Louise na cikin jagororin masu ƙin. Da aka yi zaɓen birni ranar 20 ga Oktoban 1946, SPD ta sami kashi 48.7, jam'iyyar CDU 22.2, SED kuwa, duk da goyon bayan Sobiyet, ta tsaya a 19.8. Otto Ostrowski na SPD ya zama babban magajin gari, da mataimaka uku: Ferdinand Friedensburg na CDU, Heinrich Acker na SED, da Louise Schroeder.

Ostrowski bai yi wata biyar ba. Ya nemi ya sasanta da SED don a samu a fita daga hunturun nan, jam'iyyarsa ta ga ya wuce gona da iri, ta janye masa goyon baya, ya sauka a Afrilun 1947. Aka ce Louise ta ɗan riƙe kafin a zaɓi wani. Ranar 24 ga Yuni majalisa ta zaɓi Ernst Reuter na SPD da gagarumin rinjaye, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Ƙa'ida ita ce sai majalisar kwamandoji huɗu, wadda ake kira Kommandatura, ta amince baki ɗaya, kuma Janar Kotikov na Sobiyet ya hau kujerar na-ƙi. Sun san Reuter ciki da bai: ya taɓa zama kwaminis, ya yi wa gwamnatin Lenin aiki a yankin Volga, ya riƙe babban sakataren jam'iyyar kwaminis ta Jamus kafin su raba gari a 1922. A wurinsu tubabben ɗan gida ya fi baƙon maƙiyi haɗari. Majalisa ta ƙi zaɓen wani, Sobiyet ta ƙi janyewa. Reuter ya ci gaba da aikinsa na kwamishinan sufuri da wutar lantarki, riƙon 'yan makonni kuma ya zama na sai abin da hali ya yi.

Yana da kyau a tsaya a dubi irin aikin da aka ɗora mata. Iyayen gida huɗu take yi wa aiki, kowanne da harshensa da tafintansa da abin da yake so. Duk wata muhimmiyar doka ko naɗin babban ma'aikaci sai ta bi ta Kommandatura, inda mutum ɗaya ya isa ya tsayar da komai. Ofishinta na cikin yankin Sobiyet, shugaban 'yan sandan birni, Paul Markgraf, mutumin Sobiyet ne, kuma a shekarun nan ana ɗauke masu adawa da SED a kan titi a nemi labarinsu a rasa. A cikin ma'aikatunta akwai jami'an SED da aka dasa tun 1945, waɗanda ke karɓar umarni daga wani wuri. Ba ta da soja, ba ta da taska, ba ta ma da cikakken sunan muƙamin. Abin da ya rage mata shi ne ta yi ta zirga-zirga tsakanin kwamandoji tana neman ƙarin gawayin kwal, da gilashin taga, da madarar jarirai, da gadajen asibiti. Ana cewa zanen aro ba ya rufe katara, amma ita da shi ta rufa wa birni guda asiri. Mutanen Berlin, waɗanda aka san su da kaifin baki ga shugabanni, sun kama kiranta da sunanta na yanka kawai, Louise, kamar wata gwaggonsu.

A watan Yunin 1947 ta wakilci Berlin a taron Munich, inda Hans Ehard na Bavaria ya gayyato shugabannin jihohin Jamus na gabas da yamma su zauna a tebur ɗaya. Tun a daren share fage aka saɓa a kan ajanda, na gabas suka tattara takardunsu suka tafi. Ita kuwa gida za ta koma, birnin da ke tsakiyar yankin waɗanda suka fice ɗin, kusan kilomita 160 daga iyakar yamma. Wannan tazara ce ta tsara duk tunaninta na siyasa.

Da aka rufe hanyoyi a Yunin 1948, abincin da ke rumbunan yammacin birnin na kwana 36 ne, kwal na kwana 45. Ranar 26 ga wata jiragen Amurka suka fara sauka a filin jirgin Tempelhof da kaya, na Birtaniya suka biyo baya a Gatow, aka gina sabon fili a Tegel cikin kusan wata uku. Labarin jiragen ya zaga duniya, kuma ya cancanta: sawu fiye da 270,000, kaya fiye da tan miliyan biyu, kashi biyu cikin uku kwal ne. Amma jirgi a bakin fili yake ajiye buhu. Wanda zai auna, ya raba wa gidajen burodi, ya buga katin abinci, ya tsara wace unguwa za ta sami wuta da wane lokaci, ma'aikacin hukumar birni ne. Wuta awa huɗu ake bayarwa a yini, sau biyu, wani lokaci da tsakar dare, sai uwa ta tashi ƙarfe biyu ta dafa busasshen dankalin da aka jiƙa, ta yi guga, ta koma ta kwanta. Sobiyet ta yi tayin ciyar da duk wanda ya je ya yi rajistar katinsa a gabas. Kaɗan ne suka je.

Mako biyu da fara killacewar, aka ɗauke ta a jirgi zuwa Koblenz, inda shugabannin jihohin yamma suka taru daga 8 zuwa 10 ga Yuli a kan tayin ƙasashen yamma na a kafa sabuwar ƙasa a yankunansu kaɗai. Ta roƙe su kada su yanke wani hukuncin da ba za a iya warwarewa ba, domin tana ganin ranar da aka kafa ƙasa a yamma, ranar aka bar Berlin da mutanen gabas a bayan ƙofa. Maganarta ta yi tasiri, taron ya ja ƙafa. Amma a zama na gaba cikin watan nan Reuter ne ya je a madadin Berlin, ya ce musu rabuwar ta riga ta faru, su hanzarta su gina yamma mai ƙarfi, ita ce za ta ceci birnin. Ra'ayinsa ne ya yi rinjaye, kuma abin da ya biyo baya ya nuna ya fi ta hangen inda iska ta dosa. Sai dai mai wannan rubutu bai ga dalilin ɗaukar matsayinta a matsayin rauni ba. Ita ce magajiyar gari ta ƙarshe da ke da alhakin gundumomin Berlin ashirin gaba ɗaya, takwas daga ciki a gabas suke, kuma mutanensu sun jefa ƙuri'a a zaɓen 1946 kamar kowa. Wanda aka damƙa wa amanar gari sukutum ba shi ne ya kamata ya fara sa wuƙa ya yanka shi ba. Abin da ta ji tsoro kuwa ya faru, kuma ya ɗauki shekara arba'in kafin ya warware.

Daga nan abubuwa suka yi ta kwancewa. A ƙarshen Yuli hukumar birni ta dakatar da Markgraf ta naɗa Johannes Stumm, Sobiyet ta ƙi yarda, aka wayi gari da rundunar 'yan sanda biyu a gari ɗaya. Jikinta kuma ya gaza. A tsakiyar Agusta ciwo ya kwantar da ita, aka fitar da ita ta jirgi zuwa asibiti a Hamburg, Friedensburg ya karɓi riƙon, wato mai riƙo ya riƙe wa mai riƙo. Gaskiya ce a faɗa cewa fiye da wata uku na killacewar a gadon asibiti ta yi su. Ba ta nan ranar 6 ga Satumba da 'yan zanga-zanga suka sake mamaye zauren majalisa har wakilai suka ƙaura zuwa yankin Birtaniya. Ba ta nan ranar 9 ga wata da Reuter ya tsaya gaban kangon Reichstag ya yi wa mutum kusan 300,000 jawabin da ya kira al'ummomin duniya su dubi wannan birni. Hoton wannan rana shi ne ya shiga littattafan makaranta, kuma shi ya sa yawancin mutane idan aka ce magajin garin Berlin na lokacin killacewa sunan Reuter ke fara zuwa musu, alhali a ranar ba shi ne a kan kujerar ba.

Ranar 30 ga Nuwamba SED ta tara magoya bayanta a gidan wasa na Admiralspalast, suka ayyana rushe hukumar birni, suka naɗa Friedrich Ebert, ɗan shugaban ƙasar Jamus na farko, magajin garin gabas. Washegari 'yan sanda suka hana Friedensburg shiga ofishinsa. Louise ta riga ta dawo, ta karɓi aikinta na 'yan kwanakin da suka rage. Ranar 5 ga Disamba aka yi zaɓe a yankunan yamma uku, SPD ta kwashe kashi 64.5. Kwana biyu bayan haka majalisa ta sake zaɓen Reuter, yanzu babu Kotikov da zai hana. Ta miƙa masa kujerar, ta koma mataimakiyarsa, muƙamin da ta riƙe har farkon 1951. A wannan matsayi aka buɗe hanyoyi ranar 12 ga Mayun 1949.

Ba ta huta ba bayan nan. Ta shugabanci ƙungiyar biranen Jamus daga 1948 zuwa 1949, ta wakilci Berlin a sabuwar majalisar Bundestag da ke Bonn tun daga 1949, ta kuma zauna a majalisar tuntuɓa ta Turai a Strasbourg. A Bonn ta koma kan tsohon aikinta, dokar kare mata masu juna biyu a wuraren aiki, wadda aka zartar a 1952. Sai a Disamban 2021, shekara 73 bayan saukarta, majalisar Berlin ta zaɓi mace ta ba ta cikakkiyar kujerar, wato Franziska Giffey. Tun 1998 kuma birnin ke ba da lambar yabo mai ɗauke da sunan Louise Schroeder ga masu aiki a kan dimokuraɗiyya da adalci da haƙƙin mata.

Ranar 2 ga Afrilun 1957, ranar da ta cika shekara saba'in, Berlin ta Yamma ta ba ta lambar 'yar gari ta girmamawa, mace ta farko da ta samu. Ciwo ya riga ya ci jikinta. Ta rasu ranar 4 ga Yuni, wata biyu bayan bikin. An yi mata ban kwana a Berlin, sannan aka mayar da ita Altona, aka binne ta a garin da mahaifiyarta ta sayar da kayan lambu.